Ƙasusuwan da Ke Jin Hadari

Daminar bana ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwar ƙanena Sani. Da damina nake lissafin, don ita ce ta yi mana renon ciwonshi, ita ce kuma ta tafi da shi.

A wani ƙauye kusa da Mairuwa aka haife mu, gidanmu na kallon fadama. Babanmu da Innarmu 'ya'yan wa da ƙani ne, irin auren nan na tuwona maina. Mu bakwai Inna ta haifa, uku suka koma tun suna goye, Sani kuma ya tashi da amosanin jini, wanda yanzu kowa ke ce wa sikila. A lokacin sanyin ƙashi muke cewa. Aka yi mashi tsaga, aka yi turare, har Kankara aka kai shi wurin kakarmu wai can tudu ne, sanyi ba ya kwanciya. Ya dawo da ciwonshi yadda ya tafi.

Abin da garinmu ya sani game da Sani shi ne, kafin hadari ya haɗu gwiwoyinshi sun riga sun ji. Kwana biyu kafin ruwan shuka sai ya fara takawa a hankali, yana dafa bango. Dattawa masu furfura sukan tsaya a zaure su ce, “Malam Sani, me ƙafa ta ce? A fito da iri?” Shi kuma, leɓe a bushe, ya yi dariya ya ce, “Baba, ta hagu ce kaɗai ta yi magana. A jira ta dama.” Mu duka muna dariya. Sai da na girma na gane cewa abin da muke murnar ji, shi azabar kwana uku ce ke sallama a gare shi.

Yanzu damina ta rikice. Ruwa ya sauko a yi shuka, sai ya ɗauke har tsiro ya ƙone, ya dawo kuma ya kwashe gona da ambaliya. Nakan ce da Sani na nan, da me ƙafafun nan za su ce? Ina jin cewa zai yi, “Iya Rabi, ni ma na yi murabus, sama ta daina shawara da ni.” Haka yake kirana, Iya Rabi, don ni na goya shi.

Bara ɗiyata Hauwa ta kai ni asibiti a Faskari, zazzaɓi ya kayar da ni. Wata ma'aikaciyar jinya mai haƙuri ta ji labarin Sani, ta zauna ta yi mani bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce tun kakannin kakanni, a ƙasashen da ruwa ke kwanciya sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro kan kwashe yara. To akwai masu rabin wannan jini, ba sa ciwon sikila, kuma zazzaɓin bai cika kashe su ba. Su suka fi rayuwa, suka hayayyafa, jinin ya bazu. Amma in mai rabi ya auri mai rabi, wani ɗan yakan ɗauko duka biyun.

Ashe fadamar da ta ba mu shinkafa da rake ita ce ta shiga jininmu, da ikon Allah. Garkuwar da ta tsare ni na kai ga jikoki, ita ce ta yi wa Sani nauyi har ta danne shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Ba don tarihi kaɗai nake wannan magana ba. Hauwa da Bashir, ɗan yayana Alhaji, suna son juna tun suna ƙanana, ba wanda ya haɗa su. Da maganar aure ta taso, na ce sai an yi gwajin jini. Aka yi, dukansu masu rabi ne. Na ce ba za a yi auren ba.

Yaya Alhaji ya zo da kanshi daga Sabuwa. Ya ce, “Rabi, Allah ke ba da lafiya, ba takardar asibiti ba. Ni da ke ba ga mu ba?” Na ce, “Yaya, ga mu. Sani fa? Kai kake zuwa gona, ni nake zama da shi ina gasa mashi ƙafa da tsumma.” Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo. Ya tashi bai sha ruwan da na kawo ba. An ce zumunta a ƙafa take, tashi ƙafar wata tara ke nan ba ta tako gidana ba. Hauwa ba ta yi mani musu ba, kuma da ta yi da ya fi mani sauƙi. Takan gaishe ni da ladabi ta shige ɗaki.

Ban san ko Sani zai ce na kyauta ba. Mutum ne mai son biki, da shi zai fi kowa tsokanar ango. Amma na tuna wata shekara da aka zo neman ya yi aure, ya ce wa Inna, “A bar ciwon nan ya ƙare a kaina.” Inna ta ɗauka wasa ne.

Bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Tsofaffin garinmu har yau in hadari ya yi gabas sukan ambace shi su yi mashi addu'a, wannan nasu rabon ke nan. Nawa rabon shi ne bakin da na iya buɗewa na ce wa yayana a'a. Ya raba ni da ɗan'uwa, ya sa ɗiyata kuka, kuma ko gobe aka sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan.

Allah Ya jiƙan Sani, Ya hutar da ƙasusuwanshi. Allah Ya sanyaya zuciyar Hauwa, ko da ba ta huce da ni ba.