Ragar Tankin Yayana

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, ina gidanmu a Dogo Tebo ina saƙar shawul ɗin jarirai da kwarashi, yayana ya dawo daga jami'a da aikinsa na ƙarshe na injiniyanci. Tankin ruwa ya zana a kwamfuta. Kafin manhajar kwamfutar ta gwada ko tankin zai jure nauyin ruwa, dole a lulluɓe jikinsa da raga, wato a raba shi gida-gida masu kusurwa huɗu, layi bisa layi. Kwana uku ragar na karkacewa, manhajar na ƙin karɓa, ga malaminsa na jiran aikin ranar Litinin, in ya wuce sai baɗi.

Na kai masa abinci, na leƙa. Kallo ɗaya na yi.

"Yaya, gefen sama gida arba'in ka raba, na ƙasa talatin da shida. Ta ina za su haɗu? Ko shawul ne murɗewa zai yi."

Ya ce, "Ke, wannan ba saƙa ba ce. Ajiye kwanon ki fita."

Na fita, amma na laɓe a taga, don ni ban iya barin magana ba. A idona ya mayar da ƙasan arba'in, raga ta miƙe sumul.

Da la'asar mahaifinmu ya dawo daga kasuwa ya tambayi aiki. Yayana ya gyara zama ya ce, "Alhamdulillahi Baba, zama na yi na yi nazari mai zurfi." Ina tsaye da buta a hannu, ko kallona bai yi ba.

Washegari yayana ya kai kan ramin tankin da bututu ke shiga, zagaye ne, raga ta sake cukurkuɗewa. Sai ga shi a ƙofar ɗakina, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, in kin saƙa fure zagaye a tsakiyar shawul, ya kike mayar da shi kusurwa huɗu?"

Na ce, "Ai wannan saƙa ce. Bari Baba ya dawo."

Haka ya jira. A gaban Baba na raba zagayen kashi huɗu, kowane kashi ya fuskanci gefe ɗaya, gidajensu daidai wa daida. Baba ya dube shi ya ce, "Nazarin ke nan?"

Yayana ya ci jarrabawarsa. A shafin godiya na rahoton aikin ya ambaci malaminsa da abokansa, har mai buga takardu. Ni babu. Korar da ya yi min ta wuce tuni, wannan shafin ne har yau ke tsaya min a rai.

Da matarsa ta haihu ya roƙi shawul. Na saƙa, gefe arba'in, gefe talatin da shida. Ya kira ya ce ya karkace. Na ce ya zauna ya yi nazari mai zurfi.