Aron da Ba a Mayar Ba

Shekarun baya, mahaifina ya zo London aikin ido, ya sauka wurinmu a unguwar Barking. Da ya warware, na sayo mana tikitin yawo a kogin Thames cikin wani tsohon jirgin ruwa mai inji. Niyyata dai ya ga ɗansa ya waye. Fassara ce sana'ata a gidan rediyo, kuma a lokacin ina ji da kaina.

Mai jirgin, wani dattijon Bature, ya nuna mana farantin tagulla mai rubutu da aka kafa kusa da sitiyari. Ya ce asali jirgin shaƙatawar wani attajiri ne. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sojojin ruwa suka karɓe shi, suka yi masa fenti ruwan toka, suka ɗora masa bindiga, ya riƙa sintiri a bakin teku. Bayan yaƙi aka mayar wa mai shi.

Ina fassara wa Baba, sai kalmar Turancin da Baturen ya faɗa kan karɓar jirgin ta maƙale mini. Ba ƙwace ba ne, ba saye ba. Don kada a ga na yi shiru, na ce, "Aronsa suka yi, Baba."

"Aro?" in ji shi. "Kuma suka mayar?"

"Suka mayar, har da sabon fenti."

Ya daɗe yana shafa farantin da yatsa. Can ya ce, "Kakanka ma haka dagaci ya ce wa iyata. Wai aronsa Bature zai yi zuwa yaƙi a ƙasar Bama, kafin damina biyu ya dawo. Ina goye a lokacin."

Ni iyakar sanina, kakana ya rasu da wuri. Ban taɓa tambaya ba, Baba ma bai taɓa faɗa ba.

"Karanta min," ya ce. "Akwai sunayen mutane?"

Na karanta. Sunan jirgin ne kawai da shekarun aikinsa. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifinsa addu'a a tsakiyar kogi. Baturen ya cire hula, bai ma san dalili ba.

Kunya ta kama ni ranar, kuma har yau ba ta sake ni ba. Shekara arba'in ina ɗansa, sai tuntuɓen fassara ne ya sanar da ni inda kakana ya tafi. Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. A wurin aiki, duk sanda kalmar nan ta zo a labarai, nakan zauna in nemo wata. Aro dai ba na rubutawa, don na ga wanda ya tsufa yana jiran a mayar masa.