Dutsen Kakata

Shekarun baya, lokacin da aikin gyaran ƙasa ya iso garinmu, can tsakanin Keita da Buza, tudun bayan gari ya riga ya zama fako tas. Ruwa in ya sauko ba ya tsayawa ko gaisuwa, sai ya kwashe 'yar ƙasar da ta rage ya gangara kwari da ita. Maza sun tafi bida, neman kuɗi a wasu garuruwa, mu mata muka rage. Mu ke ɗaukar duwatsu a ka muna jerawa layi-layi don su tare ruwa, ana biyanmu da hatsi da mai. Ni aka sa in kula da matan unguwarmu. Ban taɓa shiga lakwal na yi boko ba, amma ba wadda ke iya laɓewa a inuwa ina kallonta.

A saman tudun akwai wani baƙin dutse, kamar saniya ce kwance. Mu asalinmu gidan arna ne. Ina ƙarama, kafin shuka, kakata kan riƙe hannuna mu hau can, ta zuba fura a gindinsa, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Tuni mun musulunta, ba mai zuba komai, amma ba mai taɓa shi. Ni dai in na dube shi sai in ji ƙanshin man shanun da ke kitsonta.

Wata rana shef, wato shugaban aikin, wani saurayi mai tabarau, ya ce gobe za a fasa dutsen a loda a kamyo, babbar motar kaya, a kai wurin baraji, inda ake datse ruwa. Da gari ya waye na riga kowa hawa, na shimfiɗa mayafina a kan dutsen na zauna.

Shef ya iso ya ce, "Inna, ki sauko don Allah. Yau fa baƙi ke zuwa."

"Su zo mana. Sa tarar da mai gida."

"Dutse ne fa, Inna."

"Ai ban ce maka rago ba ne."

Ƙawata ta wuce da nata kayan a ka tana dariya. "Ke da ke zaginmu in mun zauna! Shef, a rage mata mudun yau."

Da hantsi baƙin suka iso, farare da baƙaƙe, da huluna masu faɗi. Tafintan da suka zo da shi ya ce 'yan wata ƙungiya ce ta duniya, masana daga ƙasashe da dama, aikinsu gyaran ƙasa da abin da ita ƙasar ke da shi, dutse da ciyawa da itace. Daga inda nake zaune, zafi na rawa bisa fako, sai na gan su kamar a kan ruwa suke tafiya. Masu guduma da za su fasa dutsen kuwa na gefe suna jira.

Wata tsohuwa a cikinsu, kanta fari kamar auduga, ta nuno ni. Shef ya yi saurin amsa mata da Faransanci. Ban ji ba, amma na san fuskar mai rufe magana.

"Kai, tafinta," na ce, "gaya mata na kakata ne, ba a fasa shi."

Ya gaya mata. Ta zagaya dutsen a hankali, ta durƙusa a bayansa, daidai inda kakata ke durƙusawa. Na ce a raina, ashe har can ƙasarsu sun san shi. Jira kawai nake ta fiddo fura.

Yatsunta ta nutsa a ƙasa. Ta kira sauran, duk suka tsuguna suna ta magana. Na leƙa. Ƙasa ce mai laushi da ta taru a wurin, da 'yar busasshiyar ciyawa, da wani ɗan tsiron bagaruwa da bai kai tafin hannu ba.

"Ta ce dutsen nan ya riga mu fara aikin," in ji tafinta. "Ta ce da ita ce, da ta bar shi, a ja layi daga jikinsa."

Shef ya cire tabarau ya goge, ya dubi masu guduma, ya dube ni. Ya ce su tafi.

Na sauko ina taku ɗai-ɗai, wai an girmama kakata. Ƙawata ta ce, "Ke, ba kakarki suka gani ba, laimar ƙasa suka gani."

Na ce ta ɗauki dutsenta ta ba ni wuri.

Muka ja layin daga nan. Damina ta zo, ruwa ya tsaya, ƙasa ta kwanta. Wata daminar ta ƙaru. Bagaruwar ta girma har tana inuwa, ciyawa ta rufe tudun, awaki suka koma hawa. Ita kuwa ƙasar ba ta daina taruwa ba. Ta kai wa dutsen ciki, ta kai masa gadon baya, ina gani, kuma ba wanda zan hau in zauna wa.

Bara na lallaba da sandata na hau. Sai da na share ciyawa da hannu kafin na same shi, ɗan baƙin wuri kamar faifai. Na hana guduma, na hana kamyo, ƙasar da muka roƙa ta dawo ita ta ɗauke shi. Na daɗe zaune a inuwar ina neman haushin da zan ji, ban samu ba. Iska na kaɗa bagaruwa, na ɗora hannuna a kansa, da ɗumi, kamar tafin kakata.