Dalma a Tsakar Gidanmu

Yayana mai gyaran rediyo ne, ko da yake a shekarun da nake magana rediyo ta yi ƙaranci, sai talabijin da fitilun caji da duk abin da aka kawo. Shagonsa na bakin hanya kafin a kai Ƙofar Gayan, ɗan ƙarami, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Lokacin ina karatu a jami'a, reshen Kongo, in na dawo nakan biya in huta a kan bencinsa kafin in ƙarasa gida.

Ina son kallon hannunsa. Zai buɗe rediyo ya ciro fanel, koren allon nan da ƙananan kaya ke manne a jikinsa kamar shinkafa da wake, ya kifa shi, ya ɗora bakin ayan, ƙarfen nan mai zafi na narka dalma, a ƙafar abin da ya lalace. Dalmar ta narke ta yi ƙyalli, ya zare abin da hantsaki, ya sa sabo, ya ɗiga masa dalma. Hayaƙi siriri na tashi yana shiga hancinsa. In hannayensa biyu na aiki, da haƙori yake riƙe wayar dalmar. Haka ya ga maigidansa na yi, haka kowa ke yi.

A hankali aiki ya ja baya. Kaya masu araha suka cika kasuwa, fitila ta mutu a jefar da ita a sayi wata. Sai ya gano wata hanya. Masu gyaran inbata, na'urar ba da wuta daga batir, da manyan lasifikoki sun fi son tsofaffin kayan da aka ciro daga matattun fanel, sun ce sun fi sababbi ƙarko. Yaya ya fara sayen fanel buhu-buhu a wurin 'yan gwangwan yana cire musu kaya. Amma cirewa ɗaya bayan ɗaya da ayan aiki ne mai cin rai, ga wuta ba ta zama. Wani ya nuna masa dabarar gawayi, kuma da yake shagon ba fili, sai ya dawo da aikin gida.

A kusurwar tsakar gida ya kafa, gab da bishiyar gwaiba, nesa kaɗan da madafi. Yakan hura kurfoti, ya kama fanel da filaya ya kara a kan garwashi har bayansa ya yi sheƙi, sannan ya buga shi a bakin wani tsohon daro. Kayan su zubo gaba ɗaya, dalma ta fantsama a ƙasa ta daskare ƙwaya-ƙwaya. Warin kamar na ƙonannar roba, yana kama maƙogwaro yana zama a shanya. Inna, mahaifiyarmu, ta yi ƙorafi cewa yana tayar mata da tari, aka daidaita a kan ya riƙa bari sai an sauke tukunya. Iyakar abin da muka ɗauki matsalar ke nan, wari.

Yaya na da 'ya ɗaya a lokacin, wadda suka daɗe suna jira kafin Allah ya ba su. Ba a daɗe da yaye ta ba, amma bakinta ya buɗe sosai. Tana kirana Goggo, tana kwaikwayon mai tallan kifi har Inna ta riƙe ciki don dariya. Duk inda ubanta ya zauna tana gefensa. In ya tashi sai ta bi ƙasa tana tsintar ƙwayoyin dalmar nan masu walƙiya tana tarawa a murfin kwalba, ta ce tsakiyarta ce, za a yi mata abin wuya. In muka ga ta kai baki mukan ƙwace don kada ta shaƙe. A wannan ƙasar take zama ta ci ɗumame da hannunta.

Kajin Inna ne suka fara mutuwa, aka ce annobar kaji ce. Sai yarinyar ta fara ƙin abinci, ta riƙa kama ciki tana kuka, ta yi kwanaki ba ta yi bayan gida ba. Aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka jiƙa mata na shawara. Ta zama mai faɗa, tana cizon uwarta, tana jifa da kofi. Abin da ya fi damuna shi ne maganarta. Kalmomin da ta iya suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na dawo daga makaranta na tsuguna a gabanta ina jiran ta kira ni, ta dube ni kawai, ta juya ga bango. Maƙwabta suka ce iska ce. Aka karɓo rubutu, aka yi mata hayaƙi, a tsakar gidan nan dai, kusa da inda kurfoti ke ci.

Da safe abin ya same ta, tana riƙe da kofin koko. Jikinta ya sandare, idanunta suka kafe sama, ta fara fizga. Ni da Yaya da matarsa muka ɗauke ta a Keke zuwa asibiti. Bayan an tsayar da fizgar, aka duba zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau ba a samu ba, sai wata likita ta zaunar da mu ta yi ta tambaya. Ko mun taɓa zama a ƙauyen da ake haƙar zinariya. Ko ana sa wa yarinyar tozali. Ko tana cin ƙasa ko ɓawon fenti. Daga nan ta juya ga Yaya.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"Gyaran rediyo."

"Da dalma kake aiki ke nan. A shago ko a gida?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Ni ce na bayyana mata kurfoti da daro da murfin kwalba. Ta saurare ni har na gama, ta ce masa ya buɗe bakinsa. Ta haska dasashinsa da fitilar wayarta, ta nuna mini wani baƙin layi siriri a gindin haƙoransa. Ta ce za a aika jinin yarinyar a gwada, amma ita ta riga ta san abin da za a gani.

Sakamakon ya zo kamar yadda ta faɗa. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ya yi wuyar samu, sai da aka yi ta kiraye-kiraye kafin a kawo shi daga wani gari. Likitar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce za a iya rage wadda ke cikin jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya komawa yadda yake.

Matar Yaya tana da ciki a lokacin. Ba ta yi masa faɗa ba, ban taɓa jin ta ɗaga murya a kan maganar ba. Da aka sallame su ta tsaya a ƙofar zaure da yarinyar a kafaɗa, ta ce, "Ba zan taka ƙasar nan da wannan cikin ba." Ta wuce gidan iyayenta a Tudun Jukun, ba wanda ya ce ta dawo.

Yaya ya ɗauki diga da shebur ya kankare tsakar gidan shi kaɗai. Ƙannenmu sun so su taya shi ya hana. Ya sare gwaibar, ya kwashe ƙasar a baro ya kai bayan ganuwa ya binne, aka zuba siminti. Ina kallonsa ta taga yana aikin, hannunsa na dama na sakin shebur ɗin lokaci-lokaci. Ashe shi ma dalmar ta riga ta kama shi. Wuyan hannun ya yi laushi, in ya miƙa shi sai tafin ya langaɓe ƙasa. Ya sha magani, ya ɗan samu sauƙi, amma bakin ayan ya daina tsayawa inda ya nufa. Da ya ƙone wa wani mutum fanel ɗin talabijin, sai ya tattara kayan aikin ya ba wani abokinsa. Yanzu cajin waya yake yi a shagon da ɗan ƙaramin janareta.

Jaririn ya zo lafiya, namiji, uwarsa ta dawo bayan arba'in. Yarinyar kuwa ta girma, ta yi tsawo, kyakkyawa. Tana faɗin ruwa, tana faɗin Baba, da wasu kalmomi kaɗan. An sa ta makaranta, malamai suka yi haƙuri da ita iya ƙoƙarinsu, daga baya shugabar ta kira Yaya ta ce zamanta a aji wahala ce gare ta. Ƙaninta yanzu shi ke ɗaura mata takalmi.

Bara muka ji warin nan yana shigowa ta kan katanga. Wani magidanci ne a lungun bayanmu ya fara sana'ar, kuma gidansa cike da yara. Yaya ya sa riga, ya kama hannun 'yarsa, ya ce in raka su. Mutumin ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya shimfiɗa tabarma, ya saurari komai. Ya dubi yarinyar ya yi mata addu'a mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce zai riƙa korar yaran ɗaki in zai hura wuta, kuma in Allah ya hore masa shago zai mayar da aikin can. Yaya ya ce masa korar ba ta isa, ƙasar ce. Mutumin ya ce ya gane, ya rako mu har bakin lungu. Muka dawo gida, warin na nan yana shigowa, Inna ta tashi ta kwashe shanya.