Laltu Ba Ya Ci a Kwano

Shekara talatin da huɗu Baffa Motaleb Howlader ya yi yana girki a jirgin ruwan da ke jigila tsakanin Barisal da Dhaka. Bai yi aure ba, bai gina ko ɗaki ba. Ranar da ciwon gwiwa ya raba shi da aiki, abin da ya sauko da shi akwatin ƙarfe ne, da boti, wato wuƙar gyaran kifin nan da ake kafawa a katako a danne da ƙafa, sai wani jan muzuru mai yagaggen kunne, Laltu. Ya kama hayar ɗakin da ke jikin namu. Ni dai ban taɓa ƙaunar muzurun nan ba, ɓarawo ne na bugawa a jarida. Amma tsohon ba shi da kowa a duniya sai shi.

Da daminar bara Laltu ya fara tsugunnawa a kan yashi yana kuka, fitsari ba ya fita sai ɗigo, shi ma da jini. Likitar dabbobi ta sa masa roba ta zuƙe marar, ta ce tsakuwa ce ta toshe hanya. Ta hana kifi, ɗanye da busasshe, ta ba da wani abinci na musamman a leda, ƙwayoyi ƙanana kamar kashin awaki.

"Baffa, in ya koma wa kifi zai sake toshewa, kuma ba lallai in iya buɗewa ba," in ji ta. "In kuma ya yi kwana uku bai ci komai ba, hanta za ta taɓu."

Laltu ya shinshina sau ɗaya, ya yi tsaki irin nasu, ya shige ƙarƙashin gado.

Mu mutanen Barisal in baƙo ya ƙi abinci ba ma ƙyale shi. Sai mu matso, mu ƙara masa, mu yi ta roƙo har ya rasa bakin musu. Haka Baffa ya yi wa muzuru. Ya fito da farantin tagulla, ya shimfiɗa tabarma, ya jiƙa abincin da ruwan ɗumi, ya zauna yana fifita.

"Ci mana, ranka ya daɗe. Ko loma ɗaya, don darajata."

"Baffa, saura ka wanke masa hannu ka miƙa masa ganyen taunawa irin wanda muke ba baƙo bayan abinci," na ce daga bakin ƙofa.

Bai yi dariya ba. Kwana biyu muzuru bai ci ba, shi ma tsohon ban ga ya ɗora tukunya ba. Nan tausayi ya kama ni, na ji kunyar bakina.

Da safiyar kwana na uku na dawo kasuwa da ƙaton kifin rui. Na yi wa Baffa ƙaryar botina ya dakushe, don kawai in sama masa abin yi. Ya zauna a ƙasa, ya danne katakon, ɓawon kifi ya fara tashi. Sai ga Laltu ya fito yana tangaɗi, ya zo ya tsuguna a bayansa ta hagu, daidai gwiwar hannu. Hannun Baffa ya ɗebo kayan ciki, ya ɗaga zai wurga baya ko dubawa bai yi ba.

"Baffa! Likita fa!"

Ya tsaya da hannu a sama.

"'Yata," ya ce a hankali, "shekara tara yaron nan bai taɓa ci a kwano ba. A jirgi an hana ciyar da kyanwa. Sai in wurga masa ta baya ina zaginsa, don mai duba aiki ya ɗauka korar sa nake. Miƙo mini farantin nan."

Da hannun nan mai ƙarni ya ɗauki jiƙaƙƙen abincin, ya mulmula, ya cilla ta kan kafaɗa.

"Tafi can, ɓarawon banza! Wa ya kira ka?"

Laltu ya cafe, ya ja baya da shi kamar an biyo shi, ya haɗiye. Ya dawo wurinsa ya tsuguna.

"Ɗan asara! Mara kunya! Allah ya haɗa ka da kada!"

Yana zagi hawaye na bin gemunsa, amma bai yarda ya waiwaya ba har farantin ya ƙare.

Tun daga ranar matan gidanmu suka huta. Kowace safiya sai a jera masa kifi a ƙofa, ya gyara kyauta, shi dai a bar shi ya yi zaginsa sau biyu a rana. Sabbin 'yan haya har ƙararsa suka kai wa mai gidan hayar, wai tsoho na cin zalin dabba.

Bayan mako guda, ranar Juma'a da hantsi, na ji ihunsa a tsakar gida. Na fito a guje da ludayi a hannu. Laltu ne ya zaɓi sabon takalmin maigidana, ya tsula fitsari ya cika shi har ya malala. Baffa na tsaye a kai, ko sandar da yake dogarawa bai ɗauko ba, ya ware hannu yana tare mutane kada a taka.

"Ku fito ku gani! Ba jini! Wallahi ba ko ɗigo! Ku duba yawansa!"

Maigidana ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi fuskar tsohon, ya rufe. Da silifas ɗina ya tafi masallaci.