Tabarmi Huɗu na Malam Modu

Da safiyar yau, ina shirin karyawa, aka bugo mini waya daga Ƙofar Kware cewa Malam Modu Makanike ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya jingina da bangon zaure. Bai sake tashi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi jana'izarsa kafin azahar. Yanzu na dawo gida, kuma na ga ya wajaba in rubuta wannan, domin yana da haƙƙi a kaina wanda ban sauke ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Modu shi ne mutum na ƙarshe da na sani a garin nan da ke iya gyaran motocin da aka ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifina direban wani Bature ne ɗan kasuwa. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa motarsa, baƙa, mai dogon gaba, irin wadda ake tayarwa da juya ƙarfe da hannu. Ita na gada. Tun ina ƙaramin malamin makaranta har na yi ritaya, hannun Malam Modu kaɗai ke taɓa injinta.

Kakanninsa Barebari ne, ni kuwa Bafillace, don haka ba mu taɓa gaisawa lafiya ba.

Yakan ce, "Hedimasta, Bafillace mi yas sani ga ƙarfe? Ka tsaya ga shanunka."

In na ce masa bawa ba ya faɗa wa ubangijinsa haka, sai ya nuna motar da sifana, ya ce, "Wagga ma ta girme ka, kuma ban taɓa jin ka gaishe ta ba."

Shekarar da na yi doguwar jinya, ban sani ba ashe kowace Juma'a yakan hau keke napep ya zo gidana a Runjin Sambo, ya karɓi mabuɗin gareji wajen iyalina, ya juya injin da hannu don kada ya cije. Bai taɓa faɗa mini ba. Sai bayan na warke na ji a bakin 'yata.

Kayan gyaran irin wannan mota babu su a kasuwa. Abin da ya lalace, shi ke yin sa. Yakan narka wani farin ƙarfe mai taushi a ludayin ƙarfe, ya zuba shi a mazaunin da ƙarfen injin ke juyawa a kai, sannan ya zauna yana kankarewa da hannu, yana gwadawa, yana sake kankarewa, wani lokaci har mako guda a kan mazauni ɗaya. Tsakaninsu kuma yakan sa wasu siraran fallayen tagulla kamar ɓawon albasa, nan uku, can biyar. Saboda haka kowane yanki wurinsa ɗaya ne tak. In aka musanya, injin zai cinye kansa.

Bai yi boko ba, ba ya rubuta lamba a jikin komai. Tabarmi yake shimfiɗawa a rumfar ƙofar gidansa, guda huɗu, don injin fistin huɗu gare shi, wato ƙarafan nan da ke hawa da sauka a cikinsa, kowane fistin da tabarmarsa, ya jera kayansa a kai daga gabas zuwa yamma yadda ya kwance su. Ko kaza ba ya bari ta gitta wurin. Waɗannan tabarmi su ne littafinsa.

Bara motar ta fara ƙwanƙwasa, ya kwance injin gaba ɗaya. Ya ce mini wannan ne aikinsa na ƙarshe, ranar da ta tashi zai ajiye sifana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, makonni uku ke nan. Na tarar da shi tsugune, ya kawo wani ɗan ƙarfe dab da idonsa. Bai tsokane ni ba ranar, abin da ya kamata ya sa in farga.

Ya ce, "Hedimasta, idanuna sun gaji. Ka taho da littahi da biro, in riƙa hwaɗi kana rubutawa, wanga na nan, wancan na can. Abin da ke ga kaina, in na tahi da shi, ba ka samun shi ga kowa."

Na ce masa jibi, ina da taron tsofaffin ɗalibai.

Ya yi murmushi, ya ce, "Kai da jibinka. To, Allah shi kai mu."

Ban koma ba. Ba ciwo ya hana ni ba, ba tafiya ba. Ni da na shafe rayuwata ina yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan jinkiri, na ɗauka mutumin yana nan kamar yadda ya saba kasancewa.

Yau da muka dawo daga maƙabarta, jama'a sun cika ƙofar gidan, an yi shimfiɗa a rumfa don zaman makoki. Sai da na cire takalmi na lura da tabon baƙin mai a ƙarƙashin ƙafata.

Tabarminsa ne.

Wani maƙwabcinsa, mutumin kirki wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya kama hannuna ya kai ni lungun zaure, ya nuna mini babban daro cike da ƙarafa. Fistin, notuna, fallayen tagulla, duk a cakuɗe. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mutane sun yi yawa, tabarmi sun kasa. Amma kwantar da hankalinka, da hannuna na tattara maka kayanka wuri guda. Ko noti ɗaya bai ɓace ba."

Na dubi daron. Sannan na ce masa Allah ya saka da alheri. Me zan ce? Ya ga baƙi a tsaye cikin rana, ya yi abin da kowane maƙwabci zai yi. Kada wanda ya karanta wannan ya ga laifinsa. Da na je da littafi da biro ranar da Malam Modu ya nema, da tattarawarsa ba ta ɓata komai ba.

Da la'asar na shiga cikin gida yi wa matarsa, Hajiya Ige, ta'aziyya. Daga bayan labule ta ce mini, "Hedimasta, jiya ma yana cewa kwana kaɗan ya rage motarka ta tashi. Ya so ƙwarai ya ji kukanta. Wa zai ƙarasa mai aikin?"

Na so in faɗa mata abin da zai sanyaya mata rai. Amma ban taɓa yi wa gidan nan ƙarya ba, kuma ba yau zan fara ba.

Na ce mata, "Hajiya, babu."

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Modu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba shi ikon amsa tambaya. Ka sanya gumin da ya zubar wajen neman halal ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Hajiya Ige da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi. Ni kuma ka yafe mini alkawarin da na riƙe masa har ƙasa ta rufe shi.

Ina roƙon duk wanda idonsa ya kai nan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ya ɗan dakata ya nema masa gafara. In namu ya zo, Allah ya sa mu cika da imani.