Ruwan Jego ta Famfo

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan" nake amsawa tun ina rarrafe. Ban riƙe ta da wannan ba, kowa ya san kunyar ɗan fari. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ƙanwata, autarta, wadda ko tari ta yi sai an jiƙa mata magani.

Haihuwata biyu, gwaggo ce ta yi mini wankan jego, ƙanwar babanmu. Ta rasu ina da cikin na uku. Lokacin muna haya a Sabon Gari, ba a daɗe da canja kuɗi daga fam zuwa naira ba, baban yarana yana aikin walda da gyaran famfo. Na ce a raina, to, wannan karon babu gwaggon da za a laɓe bayanta, dole Inna ta riƙe mini ganye da hannunta. Kwatsam sai ga labari auta ma ciki gare ta, kuma watanmu ɗaya. Babanmu ya riga ya rasu, Inna tana zaune a ɗaki guda gidan kawu, babu wurin da za mu je wankan gida. Ita ce za ta zo, kuma ba za ta rabu biyu ba.

Mijin auta ma'aikacin jami'a ne, suna zaune a kwatas a Samaru. Ya sayo wata 'yar hita ta gas, ba ta fi akwatin rediyo ba, ya manna ta a bangon banɗaki. Ba ta da tanki, ruwa ratsa ta kawai yake yi ya fito da zafi. Amma da sanyi ya shigo sai ta gaza, ruwan ya riƙa fitowa ɗumi-ɗumi. Mai jego kuwa ba ta wanka da ɗumi, sai ruwan da ke tafasa. Wa zai kira ya gyara masa? Mijina.

Ranar da muka je dubiya ni da Inna, ko zama ban yi ba auta ta ja hannuna. "Yaya, zo ki ga aikin mijinki."

A bayan banɗakin ya gina murhu da jan bulo, ya ɗora duro a kai, ya naɗe bututun jan ƙarfe a cikin duron kamar gammo. A hura itace, ruwan famfo ya bi ta bututun ya ɗauki zafi, sannan ya shiga hitar ta ƙarasa shi. Auta ta murɗa kan famfo da yatsu biyu, tururi ya cika ɗakin. Inna, da ta daɗe tana fama da ciwon baya, ta dafa ƙugu ta ce, "Ikon Allah. Ba ɗaga tukunya, ba juye ruwa. Wannan ai an hutar da tsohuwa."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan a ƙirji. Na yi dariya, na ce abu ya yi kyau. A motar komawa ban ga hanya ba. Na tabbata duron nan ya ƙwace mini Inna, kuma da hannun mijina aka ƙwace ta.

Mijina kam ya sha faɗa. Tun daga ƙofa na tare shi. Na ce ashe ya iya sa ruwan zafi ya fito ta bango, amma sai a gidan masu digiri. Ya ce, "Haba, ke kuwa. Mu da famfonmu ɗaya a tsakar gida, kowa da bokitinsa? Hita kuma ina na gan ta?" Na ce ban tambaye shi hita ba, duro na tambaya, shi ma in ya gagare shi ya faɗa mini in sani. Daga nan na daina yi masa magana. In ajiye tuwo in juya, ya yi sallama in amsa a ciki.

Mutum ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa. Ya je ya roƙi mai gidan hayar, ya samo duro a Chikaji, ya gina murhu mai tsayi a bayan makewayinmu. Namu ba shi da bututun jan ƙarfe, da roba ake cika shi daga famfon tsakar gida, amma ya huda bango ya sa kan famfo a ciki. Matan gidan suka yi ta leƙe. Wata tsohuwa da muke ɗaki kusa da ɗaki, Kirista ce daga kudancin Zariya, Mama muke ce mata, ta taɓa ruwan ta janye hannu, ta ce wannan ko kaza za a fige da shi. Ranar na dafa masa miyar kuka da man shanu.

Washegari na aika aka ɗauko Inna. Da kaina na hura itacen, da tulelen cikina, na tara darbejiya a gefe don ta gani. Ta zagaya murhun, ta shiga makewayi, ta murɗa famfon. Ta daɗe tana kallon tururin. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, na riga na share mata gefen gado a raina.

"Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "To, alhamdulillahi, hankalina ya kwanta. Ke wannan, dama tunanina wa zai riƙa ɗaga miki tukunya. Yanzu ko tsohuwar nan maƙwabciyarki ta iya miki. Ni sai in zauna wurin yarinyar can."

Na ce, "Inna, ita ma ai tana da shi. Nata ma ya fi nawa."

"Ita ai yarinya ce."

Yarinyar da ke da miji da ciki wata tara. Na so in ce ni ma ke kika haife ni, amma ba a faɗa wa uwa haka, balle 'yar fari. Na ce to. Na raka ta bakin titi, na tsayar mata da mota, har da cewa ta gaida kawu.

Na riga auta sauka da 'yan kwanaki. Ko a hakan Inna tana Samaru tana jira, kada naƙuda ta zo wa yarinya ba kowa. Ta zo ranar suna, ta zauna can nesa da jaririn kamar baƙuwa, kafin la'asar ta koma. Har yau in na tuna ina jin kishin, kuma auta ba ta yi mini komai ba, ita ce ma ta aiko da kanwa da geron kunu.

Mama ce ta yi mini wankan har na yi arba'in, safe da yamma. Hannunta da taushi, takan tsoma ganyen ta girgiza shi kafin ta kai jikina. Ranar farko da ta ga ina rawar jiki na ƙi ɗago kai, ta tsaya ta ce, "'Yata, ya yi zafi da yawa? In sirka?"

Na ce, "A'a, ki ce wa baban yara ya ƙara itace."